Labu da Labo

Duk wanda ya taɓa sauka daga gbaka, 'yar bas ɗin haya ta Abidjan, a Adjame da yunwa a cikinsa, ya bi layin masu goro har ya karya kwana wajen masu buhunan albasa, ya san teburin Malam Badaruddeen mai kilishi, ko da bai san sunan mai teburin ba. Badaru ake ce masa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da 'yar furfura a haɓa, kuma in yana magana sai ka ɗauka faɗa yake yi, alhali gaisuwa ce kawai. Mutumin Jega ne. Ya zo Abidjan yana saurayi a bayan motar shanu, da niyyar ya yi damina ɗaya ya koma. Ya yi aure, ya kama ɗaki a wani bene a Arras cikin Treichville, ya haifi 'ya'ya, kansa ya yi fari, amma har gobe in ka tambaye shi sai ya ce maka shi baƙo ne, yana nan yana shirin tafiya gida.

Da ya ce zai yi kilishi a garin nan, mahautan da ya tarar dariya suka yi masa, kuma ba su yi laifi ba. Kilishi rana yake so da busasshiyar iska. Abidjan kuwa ko rigarka ka shanya sai ta kwana tana tunani kafin ta bushe, ruwa kuma ba ya duba wata kafin ya sauko. Amma Badaru kansa kamar dutse yake. Ya roƙi mai benen ya bar masa saman rufi, ya kafa gadajen kara, ya riƙa yanka jan nama fale-fale yana shimfiɗawa, ido ɗaya a kan nama ɗaya a kan hadari. Matarsa Hajjo ta ce rabin aurenta a kan matakalar benen nan ta yi shi, tana hawa da gudu a kwashe nama, tana sauka da gudu a duba tukunya. Da haka dai kilishin Badaru ya yi suna, har ranar Juma'a yakan ɗauki tire ya tsaya kusa da babban masallacin Treichville, kafin a watse tiren ya koma wayam.

To, sirrin ba a naman yake ba. Nama kowa na iya saye. Sirrin yana cikin labu, wato kunun nan mai kauri na tunkuzar gyaɗa da kayan yaji da ake tsoma busasshen naman a ciki, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. Kowane mai kilishi da nasa labun, kuma na Badaru daga bakin mahaifinsa ya karɓe shi, shi ma daga nasa uban. Ba ya wasa da shi ko kaɗan. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin matakala, nan yake shiga ya ja ƙofa ya yi haɗinsa, makullin kuma a wuyansa yake rataye. Hajjo tana daka masa gyaɗa da barkono, iyakarta ke nan. Sauran kayan kuwa ba ya sayensu wurin mutum ɗaya, sai ya bi kasuwar Adjame yana tsinta, wannan a nan, wancan a can, yana waige kamar wanda ya ɗauko na wani.

Yana da dalilin waigen. Teburi biyu tsakaninsa da wani Kailu mai gasa nama, irin wanda mutanen Abidjan ke kira shukuya. Haifaffen Treichville ne, bakinsa zaƙi, Faransanci a wurinsa kamar ruwa, kuma tun yana da sauran gashi a ka yake neman sanin abin da ke cikin labun nan. Ya taɓa bin Badaru a baya cikin kasuwa yana leƙen abin da yake saye. Badaru ya gane, bai nuna ba, ya tsaya wurin wata mai kayan mata ya sayi ƙullin lalle, ya shinshina da gangan, ya gyaɗa kai, ya sa a aljihu. Kailu ma ya sayi lallen ya zuba a nasa labun, Allah ya taimaki jama'a shi ya fara ɗanɗana abin da ya haɗa. Ya yi kwanaki yana magana hannu a baki.

Wanda ya kamata ya gaji sirrin shi ne Sagir, ɗan Badaru namiji tilo, amma Sagir wayoyi yake sayarwa, kuma ya ce shi bai ga abin da zai sa mutum ya yi ta gudun ruwan sama da nama a ka ba. Sai 'yarsa Kamila, wadda ta yi karatu, ta yi aure, tana aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Ita ko a lissafi Badaru bai taɓa sa ta ba. A ganinsa mace in ta san abu, gidan wani za ta kai shi. Don haka sirrin yana nan a kai ɗaya, kan kuwa kullum ƙara fari yake yi.

Yanzu sai maganar hukuma. Cikin mutanen Abidjan ba ofishi ɗaya ke gadinsa ba, a kan teburin Badaru dai uku ne suke da ta cewa. Matar ofishin dabbobi 'yan kasuwa sun sa mata Madam Tambari, don abin da ya fi damunta shi ne ko an duba saniyar a mayanka an buga mata tambari. Ita a wurinta kilishi nama ne, nama kuma wurinsa sanyi, saboda haka a sa shi a firigo, wato firij. Ka sa kilishi a firigo, ka fito da shi cikin zafin Adjame, ka ga yadda zai yi laushi kamar tsumma. Mutumin ofishin tsafta kuwa, wani dogo siriri da ake kira Misiye Ƙuda, idonsa ba ya ganin ɗan Adam, ƙuda kawai yake nema, kuma hukuncinsa ɗaya ne: a naɗe komai ruf cikin leda. A cikin leda kilishi gumi yake yi, ya wayi gari da hunhuna. In waɗannan sun tafi sai ga na ofishin ciniki, Mai Sikeli, ya ce wane irin ha'inci ne wannan, a buɗe kaya mai saye ya ga abin da zai saya.

Kada ka ce mugaye ne. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, kuma kowannensu ya taɓa ganin abin da ruɓaɓɓen abinci ke yi wa mutum. Abin haushin shi ne ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa me ya ce. Shekara da shekaru suna wuce juna a layin nan, ko sannu ba ta haɗa su, kowa da motarsa, kowa da ubangidansa. Badaru ya gaji da gardama, ya nemo wani mataccen firigo ya ajiye a gindin teburi, ya tanadi leda, ya tanadi buɗaɗɗen tire. Masu tura kura su ne 'yan rahotonsa. Da sun hango wanda ya shigo layi sai su yi masa alama, shi kuma ya mai da kilishi inda mai zuwan yake so. Sau ɗaya Madam Tambari da Misiye Ƙuda suka iso tare ba shiri, Badaru ya tsaya a tsakiya da tire a hannu, ya rasa inda zai nufa, ƙarshe ya raba biyu, rabi firigo rabi leda. Kowannensu ya duba nasa rabin, ya gamsu, ya wuce.

Haka ake tafiya har shekarar da aka yi wani biki a wata unguwa, mutane suka ci abin da suka ci, aka kwashe su zuwa asibiti. Daga nan magana ta sauko daga sama cewa duk abincin da aka sarrafa ana sayarwa, a bincika ko an taɓa gwada shi. Ɗakin da masu fararen riguna ke gwada abinci su gano ƙwayar cuta, da Faransanci labo ake ce masa. Faransancin Badaru kuwa na kasuwa ne: ya iya farashi, ya iya zagi, ya iya wi, wato i, sauran kuma hannu da Julanci, yaren kasuwar garin, ke cikawa.

Madam Tambari ta zo da hantsi, ta tsaya gaban firigon da ba ya aiki, ta ce da Faransanci, “Papa, kilishin nan naka, ya taɓa shiga labo?”

Badaru ya ji labu. Wallahi sai da zuciyarsa ta yi sanyi. Shekara nawa yana fama da mutanen gwamnati, yau ga wadda ta san sana'a, har ta san sunan abin da ake tsoma nama a ciki. Ya gyara hula, ya washe baki.

“Wi, Madam. Duka. Ba wanda ba ya shiga.”

Madam ta yi mamaki, ta ji daɗi kuma. “Madalla. Wane labon? Na ina?”

“Nawa,” ya ce, ya bugi ƙirji. “A gida. Arras.”

Murmushin Madam ya ɗan ja baya. “Kana da labo a gida?”

“Tun ba a haife ki ba.”

“Wa ya ba ka izini?”

“Babana.”

“Shi babanka a ina yake?”

Badaru bai so ya ambaci mutuwa da bakin kasuwa a kan mahaifinsa, sai ya ɗaga yatsa ya nuna sama cikin ladabi. Madam ta bi yatsan da kallo, ta ɗauka wani babba yake nufi a can saman ma'aikata. Ta rage murya. Ta tambaye shi su wa ke aiki a ciki, ya ce shi kaɗai, ko matarsa ba ta shiga, ya zaro makullin daga wuyansa ya nuna mata. Ta tambaye shi me yake zubawa a ciki, ya kanne ido ɗaya ya ce sirri ne. Don murna har ya zaɓo mata yanki mai kyau kyauta. Ta karɓa da bakin yatsu, ta sa a 'yar leda, ta ƙulle. Badaru ya ce a ransa, Allah sarki, maigidanta za ta kai wa.

Kailu yana jin duk abin nan daga bayan hayaƙinsa. Tun a kalmar farko ya gane inda aka saɓa, kuma da ya buɗe baki sau ɗaya da magana ta mutu a nan. Bai buɗe ba. Ya juya baya yana ta jujjuya naman da bai buƙaci juyi ba, kafaɗunsa na rawa.

Abin da ya faru a ofisoshi daga baya aka ji shi. Madam Tambari ta koma da labarin wani tsoho mai ɓoyayyen labo a ƙarƙashin bene, mai ɗaurin gindi a sama. Ta so ta je ta gani, aka ce mata shiga gidan mutum a duba tsafta ba aikin ofishinta ba ne, na su Misiye Ƙuda ne. Su kuma suka ce za su iya shiga, amma in an sami kayan da za a hana sayarwa, sai ofishin ciniki. Ofishin ciniki suka ce su ba su san nama ba. A karon farko tun da aka kafa su, dole ta sa Madam ta nemi lambar wayar Misiye Ƙuda, shi kuma ya nemi ta Mai Sikeli. Aka zauna taro. Aka sake zama, don ba a gama yanke motar wa za a shiga ba. Aka kuma zama a kan wa zai zauna a gaba. Abin da cutar ciki ta jama'a ba ta iya haɗawa ba, kunnen Badaru ya haɗa shi, har aka raɗa wa abin suna komisiyon, wato kwamiti.

Kailu ne ya kawo masa labarin, ya zo da fuskar ta'aziyya.

“Yako, sannu, Baba Badaru. Na ji gobe suna tafe gidanka, su ukun a mota ɗaya.”

“Su zo su yi me?”

“Labun nan dai. Sun ce sai ka faɗi duk abin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya. Amma kada ka damu, ai ba za mu bar ka ka ji kunya ba. Ni zan zo in yi maka tafinta. Kai dai ka faɗa mini da Hausa, ni in juya musu.”

Badaru ya dube shi, ya dubi wuƙar da ke kan teburi, ya yi a'uziyya. Ranar bai ƙarasa kasuwa ba. Ya koma gida ya zauna a bakin gado, ya ce wa Hajjo ta fara haɗa kaya, lokacin komawa Jega ya yi. Tsoro ne ya kama shi na gaske, ba na tara ko rufe teburi ba. Abin da uba ya raɗa masa a kunne, yau a ce ya faɗe shi a gaban gwamnati, ta bakin Kailu.

Hajjo ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, “Malam, ka kira Kamila.”

“Mace ce. Gidan wani take.”

“To kira Kailu.”

Ya kira Kamila.

Washegari da safe farar mota ta tsaya a ƙofar benen. Su uku suka fito, kowa da takunkumi a hanci da safar hannu, Madam a gaba, don ita ta ci gardamar kujera. Kafin su kai ƙofa duk Arras ta fito. Masu gyaran mota sun ajiye sifana, masu tasin woro-woro sun tsaya da fasinja a ciki, mata sun cika barandar benaye. Wasu na cewa jabun magani tsohon ke haɗawa, wasu na cewa ai dama sun daɗe suna zarginsa, mutum kullum da makulli a wuya. Kailu ma ya rufe teburinsa ya zo, da wankakkiyar riga, wai ko za a buƙace shi.

Kamila ta iso cikin kayan ofis, ta durƙusa ta gaida mahaifinta da Hausarta mai ɗingishi, sannan ta juya ga baƙin da Faransancin da ya sa Mai Sikeli ya gyara tsayuwa. Madam ta ce a buɗe musu labon. Badaru ya ciro makulli, ya buɗe.

Turmi ne da taɓarya. Sai rariya, da babbar roba, da muciya, da gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da tsumma ɗaure a baki. Su ukun suka leƙa. Misiye Ƙuda ya shiga ya ƙwanƙwasa bango, ko akwai wata ƙofa a baya.

“Ina labon?” in ji Madam.

Badaru ya gane tambayar ba sai an juya masa ba. Ya ɗaga murfin robar, ya nuna mata kunun gyaɗar da ya kwana yana jiran nama. “Ga shi.”

Kamila ta dubi robar, ta dubi Madam, ta dubi mahaifinta. Ta ce, “Papa, me ta tambaye ka ranar nan?”

“Ta ce kilishina yana shiga labu, na ce yana shiga. Ƙarya na yi?”

Kamila ta yi ƙoƙari, don 'ya ce mai tarbiyya, amma abin ya fi ƙarfinta. Ta jingina da bango tana dariya har hawaye, da kyar ta iya yi musu bayani. Madam ta fara cijewa, sai ta cire takunkumin don ta samu ta yi numfashi. Da aka zo kan maganar babban da ke sama, aka ce mata marigayi ne a maƙabartar Jega, sai da Mai Sikeli ya zauna a kan matakala. Badaru kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tsaya riƙe da murfi, ransa a ɓace, yana jira su gama.

Amma mutane uku ba sa ƙona mai, su yi taro har sau nawa, sannan su koma hannu wofi. Suka ce tunda an zo, a ga inda ake shanya. Aka hau rufi. A nan dariya ta ƙare, don Misiye Ƙuda ya samu abin da ya yi shekaru yana nema. Ga ƙudaje kan sabon yanka, ga tantabarun maƙwabta suna shawagi, ga duron ruwan da ake dama labu da shi ba murfi. Ya nuna su ɗaya-ɗaya bai ɗaga murya ba. Badaru ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi duron, ya rufe. Ya san gaskiya ce, kuma ya ji kunya.

Sai kuma aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Su ukun suka tsaya a rana suna musu da juna, ba da shi ba. Madam ta ɗauki busasshen yanki ta karya, ta ji ya ce ƙas, ta yarda wannan ba shi da abin yi a firigo, ɗanyen ne ke buƙatar sanyi kafin a yanka. Misiye Ƙuda ya ji labarin hunhuna, ya janye maganar leda, ya ce to a kewaye gadajen da raga mai ƙananan ido irin ta gidan sauro. Mai Sikeli ya ce a kasuwa a yi akwati, gilashi a gaba raga a gefe, iska ta shiga, ido ya gani, ƙuda ya tsaya a waje. Kamila ta juya wa mahaifinta. Ya sa ta maimaita, don bai yarda magana ɗaya ce daga bakin su ukun ba. Ta ce ɗaya ce. Ya ce to mataccen firigon fa, ta ce ya sayar wa 'yan gwangwan.

Har ya fara sakin jiki sai Madam ta ce saura abu guda, a faɗa musu abin da ke cikin labun. Ya waiga, ga Kailu a kan matakala ya miƙo wuya. Hajjo ta lura. Ta ɗauko bahon wanki cike da ruwan kumfa, ta ajiye a tsakiyar matakalar, ta zauna a bayansa, ta ce, “Kailu, sauka ƙasa kada in jiƙa maka rigar nan mai kyau.” Ya sauka.

Badaru ya sa aka koma ɗan ɗakin, aka cunkusu, aka ja ƙofa. Ya ce ba zai faɗa da ƙarfi ba. Ya matso da bakinsa kunnen Kamila, ya yi bisimilla a ransa, ya nemi gafarar mahaifinsa, ya fara. Gyaɗa, ta juya. Albasa da tafarnuwa, ta juya. Citta, barkono, gishiri, duk ta juya ba gargada, shi kuwa kowace kalma ji yake kamar ana zare masa haƙori. Sai ya zo kan na cikin gwangwanaye.

“Kimba,” ya raɗa.

Kamila ta dubi baƙin. Ta ce musu, “Epis.” Kayan yaji ke nan da Faransanci, ko wane iri ne.

“Masoro.”

“Epis.”

“Fasaƙwari.”

“Shi ma epis.”

Badaru ya saci kallonta. Wannan kalmar ya san ta. Ya ci gaba da raɗa sauran, har da guda biyun da ko Hajjo ba ta taɓa jin sunansu a bakinsa ba, Kamila na ta jera musu epis. Madam ba ta damu ba. Ita abin da take so ta sani shi ne ko yana zuba kala ta kanti ko wata hoda don kada ya lalace, ya ce Allah ya kiyaye. Ta tambayi inda yake ajiye gyaɗa, don gyaɗa in ta sha laima takan yi wani dafi da ido ba ya gani. Ta ɗebi cokali ɗaya na labun a 'yar kwalba, ta ce wannan za a kai shi labo na gaskiya. Daga baya sakamako ya dawo lafiya, sai dai aka ce ya ɗaga buhun gyaɗarsa daga ƙasa ya ɗora a kan katako.

Motar ta tafi, wannan karon Misiye Ƙuda ne a gaba. Jama'a suka watse ba su ji daɗi ba, don ba a kama kowa ba. Ɗakin ya rage daga Badaru sai Kamila, tana kakkaɓe garin barkono daga rigarta. Farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya kama hannunta biyu.

“Allah ya yi miki albarka. Ashe haka kike da wayo? Epis, epis, epis. Kin rufe musu ƙofa, ba su ma san an rufe ba. Yau kin rufa wa kakanki asiri.”

Kamila ta dube shi, ba ta gane ba. “Papa, ni ban rufe komai ba.”

“To me ya hana ki faɗa musu?”

“Ban san su ba ne.” Ta ɗan yi murmushin jin nauyi. “Mene ne kimba?”

Badaru ya saki hannunta. Ya tsaya yana kallon 'yar da aka haifa a saman ɗakin nan, ta yi rarrafe a bakin ƙofar nan, ta girma da kuɗin abin da ke cikin gwangwanayen nan, ga ta mace har da nata ɗan, tana tambayarsa mene ne kimba. Ya raɗa mata sirrin gidansu kaf a kunne, ya shiga ta nan ya fita ta can, don ba ta da inda za ta ajiye shi. Murnar ta zube. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda Kailu da gwamnati duka ba su taɓa sa masa ba, kuma ya san ba wanda ya yi masa wannan sai shi kansa.

Ya miƙa hannu kan katako, ya sauko da gwangwani ɗaya, ya kwance tsumman, ya zuba mata 'yan baƙaƙen ƙahonni a tafin hannu.

“Murza. Ki shinshina.”

Ta murza, ta kai hanci. Sai fuskarta ta canza. Ta sake shinshinawa, a hankali.

“Papa, wannan ai warin rigarka ne. Lokacin da kake ɗaukata.”

Badaru ya juya mata baya, wai yana neman wani abu a kan katakon. Ya daɗe yana nema. Sannan ya juyo.

“Ƙamshi ake cewa,” ya ce. “Jawo kujerar can ki zauna. Wannan kuma masoro ne.”